Indiyar da ba a gani a fim: Marubutan da ke tona asirin ƙasarsu da Turanci

A watan Yunin 2024, Laftanar Gwamnan Delhi, V.K. Saxena, ya ba da izinin gurfanar da marubuciya Arundhati Roy a gaban kotu ƙarƙashin dokar yaƙi da ta'addanci ta Indiya da ake kira UAPA, dokar da samun beli a cikinta ke da matuƙar wuya.

Abin da ake tuhumarta da shi magana ce da ta yi kusan shekara 14 kafin nan. A wani taro da aka yi a Delhi cikin watan Oktoban 2010, ta ce Kashmir bai taɓa zama ɓangaren Indiya na asali ba.

Makonni biyu bayan wannan izini, aka sanar a Landan cewa ita ce ta lashe kyautar PEN Pinter ta shekarar, wadda ake bai wa marubucin da ba ya kawar da kai daga gaskiya. Wata guda ke nan, ana shirin kai ta kotu a gida, ana karrama ta a waje.

Haka rayuwar manyan marubutan Indiya masu rubutu da Turanci take a yau. Su ne duniya ta fi karantawa idan tana son sanin Indiya, kuma abin da suke faɗa ba koyaushe yake yi wa mahukuntan ƙasar daɗi ba.

Bahaushe ya san Indiya, amma ta ƙofa ɗaya ya fi shiga. Tun zamanin da ake haska Mother India a gidajen silima na Kano da Kaduna da Jos, har zuwa yau da ake tura fassarar Indiya-Hausa daga waya zuwa waya, Indiyar da aka saba gani ita ce ta rawa da waƙa, da jarumin da ke tarwatsa mutum ashirin shi kaɗai, da soyayyar da iyaye ke hanawa daga baya su sakko.

A cikin littattafan da ake magana a kansu, direban da jarumi ke aika ya kawo mota shi ne mai ba da labarin. Kuma sau da yawa iyayen ba sa sakkowa.

Harshen 'yan tsiraru

Abin da zai fara ɗaure wa mutum kai shi ne Turanci ba harshen yawancin Indiyawa ba ne. Ƙidayar 2011 ta nuna mutum kusan 260,000 ne kacal suka ce Turanci ne harshensu na haihuwa, a ƙasar da a lokacin ke da mutum fiye da biliyan 1.2. Ko an haɗa da waɗanda ke jin sa a matsayin harshe na biyu ko na uku, ba su wuce miliyan 129 ba, wato kusan mutum ɗaya cikin goma. Masu harshen Hindi kuwa sun haura miliyan 528.

Tsarin mulkin ƙasar ya jera harsuna 22 da ya amince da su, babu Turanci a cikin jerin, duk da cewa da shi ake aikin gwamnatin tarayya tare da Hindi, kuma da shi ake shari'a a Kotun Ƙoli.

Tushen abin yana komawa 1835, lokacin da wani jami'in mulkin mallaka, Thomas Macaulay, ya rubuta takardar da ta sa aka karkatar da kuɗin ilimi zuwa karatun Turanci. Manufarsa ita ce a samar da wani rukuni na Indiyawa masu tunani irin na Turawa, su zama tafintoci tsakanin masu mulki da talakawa.

Shekara 100 cif bayan haka, a 1935, jikokin tafintocin suka fara juya harshen zuwa nasu buƙatun. A shekarar ce Mulk Raj Anand ya fitar da Untouchable, labarin yini guda a rayuwar wani saurayi mai kwasar bahaya, wanda ake ƙyamar ko jikinsa ya taɓa na wani. A shekarar ce kuma R.K. Narayan ya fitar da littafinsa na farko, Swami and Friends, bayan marubucin Ingila Graham Greene ya taimaka masa wajen samun maɗaba'a.

Amma kasuwar ba ta buɗe sosai ba sai a 1981, da Salman Rushdie ya ci kyautar Booker, babbar kyautar ƙagaggun labarai na Turanci da ake bayarwa a Birtaniya. Littafin shi ne Midnight's Children, labarin wani yaro da aka haifa daidai tsakar daren 15 ga Agustan 1947, daren da Indiya ta samu 'yanci, sai rayuwarsa ta ɗaure da ta ƙasar. Rushdie ya cusa kalmomin Hindi da Urdu da salon hirar titunan Bombay cikin Turanci ba tare da neman afuwar kowa ba, kuma matasan marubuta da dama suka ga ashe ana iya yin haka.

Littafin ya caccaki mulkin ta-ɓaci na Indira Gandhi na 1975 zuwa 1977. Ta kai shi ƙara a Landan a kan jimla guda da ta shafi iyalinta, aka sasanta a 1984 bisa sharaɗin a cire jimlar.

A ƙasar Hausa, kamar sauran ƙasashen Musulmi, ba da wannan littafin aka san sunan Rushdie ba. An san shi ne da The Satanic Verses na 1988, wanda Musulmin duniya suka ɗauka a matsayin ɓatanci ga Manzon Allah (SAW). Indiya ce ta fara hana shigar da littafin, a watan Oktoban shekarar, watanni huɗu kafin fatawar Ayatullah Khomeini. A watan Agustan 2022 wani matashi ya daddaɓa masa wuƙa a jihar New York, ya rasa idonsa na dama.

Matar da ta ajiye ƙagaggen labari shekara 20

Arundhati Roy ba adabi ta karanta ba, zanen gine-gine ta yi a Delhi. An haife ta a 1961, ta taso a ƙauyen Aymanam da ke jihar Kerala a kudancin ƙasar, a hannun uwa mai kafiya. Mary Roy ce ta ja shari'a har Kotun Ƙoli, ta yi nasara a 1986, aka bai wa matan Kiristocin Siriya na Kerala damar cin gado daidai da 'yan'uwansu maza.

Littafin Roy na farko, The God of Small Things, ya fito a 1997, ya ci Booker a shekarar, aka fassara shi zuwa harsuna fiye da 40.

Labarin wasu tagwaye ne, Rahel da Estha, da mahaifiyarsu Ammu, bazawarar da ta dawo gidan iyayenta ba wanda ke maraba da ita. Ammu ta faɗa soyayya da Velutha, kafinta mai fasaha da ke aiki a masana'antar gidansu. Matsalar ita ce Velutha Dalit ne, wato ɗan rukunin da tsarin fifikon asali na Indiya ya ajiye a can ƙasa, waɗanda a da ko inuwarsu ake gudu.

A fim, a nan ne za a sako waƙa. A littafin Roy, an ƙulla wa Velutha sharri, 'yan sanda suka yi masa dukan da ya mutu a hannunsu, tagwayen suna kallo lokacin da ake dukan.

Abin da ya fi yi wa mutanen Kerala zafi shi ne Roy ba ta bar kowa ba. Dangin Ammu Kiristoci ne, amma suna riƙe da ƙyamar kamar kowa. Shugaban jam'iyyar kwaminis na garin, wanda kullum bakinsa na kan 'yancin ma'aikata, ya zame ya bar Velutha a ranar da ya fi buƙatarsa. Wani lauya a jihar ya kai ta ƙara bisa zargin batsa.

Sashe na 17 na tsarin mulkin Indiya ya haramta ƙyamar taɓa wani tun 1950. Ƙidayar 2011 ta ce 'yan wannan rukuni sun kai miliyan 201. Doka ta hana, amma aure da haya da rijiyar ƙauye ba su gama jin hanin ba.

Kowa ya zaci Roy za ta zauna ta ci moriyar suna, ta riƙa fitar da labari bayan labari. Sai ta yi shekara 20 ba ta sake fitar da ƙagaggen labari ba.

A 1998, Indiya ta gwada makamin nukiliya a Pokhran, jama'a na murna a tituna, ita kuma ta rubuta doguwar maƙala tana tir da gwajin. A 1999 ta koma kan madatsar ruwa ta Sardar Sarovar da ake ginawa a kogin Narmada, wadda ta tashi dubban iyalai daga gonakinsu, mafi yawansu ƙabilun daji da talakawa. Kuɗin da ta samu na Booker ma ƙungiyar da ke yaƙi da madatsar ta bai wa.

Sukar da ta yi wa alƙalai a kan batun ta sa Kotun Ƙoli ta same ta da laifin raina kotu a watan Maris na 2002. Aka ɗaure ta kwana ɗaya, aka ci ta tarar rupi 2,000. A 2010 ta shiga dazukan tsakiyar Indiya ta yi kwanaki tana tafiya a ƙasa tare da 'yan tawayen Mao, ta dawo ta rubuta abin da ta gani.

Ba kowa ne ke tafa mata ba, har a cikin masu adawa da gwamnati. Masanin tarihi Ramachandra Guha, mai littafin India After Gandhi na 2007, ya taɓa sukar rubutunta kan madatsar, yana ganin zafin kai da ƙarin gishiri sun yi masa yawa. Akwai ƙamshin gaskiya a sukar, domin Roy ba ta cika barin wa abokin gardama wurin tsayawa ba. Shi kansa Guha 'yan sanda sun ja shi da ƙarfi a Bengaluru a watan Disamban 2019, yana riƙe da hoton Gandhi, lokacin zanga-zangar adawa da dokar zama ɗan ƙasa da ta ware Musulmi.

Da ta dawo ga ƙagaggen labari a 2017 da The Ministry of Utmost Happiness, sai ta ɗora shi a kan Anjum, mata-maza daga tsohon birnin Delhi, Musulma, wadda ta tsira daga kisan Gujarat na 2002, ta koma zama a maƙabarta ta gina masauki a kan kaburbura. Babban ɓangaren littafin kuma a Kashmir yake. A watan Agustan 2025 hukumomin yankin suka haramta littattafai 25, har da Azadi, tarin maƙalunta. Bai fi wata guda da haramcin ba ta fitar da Mother Mary Comes to Me, tarihin zamanta da mahaifiyarta da ta rasu a 2022.

Direba ya karɓi alƙalami

Idan akwai littafi ɗaya da ya kamata mai son fim ɗin Indiya ya fara da shi, The White Tiger ne na Aravind Adiga, wanda ya ci Booker a 2008. Adiga ɗan jarida ne, ya yi wa mujallar Time aiki a Indiya kafin ya koma rubuta labari.

Balram Halwai ɗan mai tura keken haya ne a wani ƙauye a Bihar. Yana da kai, amma aka cire shi daga makaranta aka kai shi shagon shayi, domin a biya bashin da dangi suka ci wajen aurar da 'yar'uwarsa. A Indiya gidan amarya ne ke biyan dukiyar aure, kuma bashin kan cinye gida ɗungurungum.

Balram ya koyi tuƙi, ya zama direban Ashok, ɗan mai gonakin ƙauyensu da ya dawo daga Amurka. Suka koma Delhi, yana kai maigida ma'aikatu da jakar kuɗin cin hanci, yana kwana a ɗakin bayi da ke ƙarƙashin bene.

Wata rana da dare matar maigida ta sha giya ta karɓi sitiyari, ta take wani yaro. Washegari dangin maigidan suka kawo wa Balram takarda ya sa hannu cewa shi ne ya yi. Kakarsa da ke ƙauye ma an riga an samu amincewarta.

Adiga ya kwatanta talakan Indiya da kajin da ke cunkushe a keji a kasuwa. Suna ganin ana yanka 'yan'uwansu a gabansu, sun san su ne na gaba, amma ba mai yunƙurin fita. Abin da ke tsare da bawa, a cewar littafin, shi ne danginsa, domin ya san in ya ci amanar maigida a kansu za a huce.

Balram ya fita. Ya kashe Ashok da fasasshiyar kwalba, ya ɗauki jakar kuɗin, ya gudu Bangalore ya buɗe kamfanin motocin da ke jigilar ma'aikatan kamfanonin fasaha. Duk labarin wasiƙu ne da yake rubuta wa Firimiyan China na lokacin, Wen Jiabao, cikin dare bakwai, yana ba da shi cikin raha, ba nadama.

Littafin ya fito a lokacin da Indiya ke tallata kanta a matsayin sabuwar ƙasa mai tasowa, don haka ya tayar da ƙura. Wasu suka ce zubar da mutuncin ƙasa ne a gaban Turawa. Wasu masu sharhi kuma suka kawo ƙorafin da ya fi wannan nauyi: ta yaya wanda ya yi karatu a Columbia da Oxford zai san yadda direba ɗan Bihar ke tunani? A ganinsu muryar Balram ta Adiga ce sanye da rigar direba. Netflix ya mayar da littafin fim a 2021, da Priyanka Chopra da Rajkummar Rao.

Kiran Desai, wadda ta ci Booker a 2006 da The Inheritance of Loss, ta bi irin wannan bawan ne har ƙetare. Biju ɗan kuku ne da ya tafi New York ba takardu, yana yawo daga kicin ɗin wannan gidan abinci zuwa wancan, yana kwana da ɓeraye, mahaifinsa kuma na can gida yana yi wa maƙwabta alfaharin ɗansa na Amurka. Duk wanda ke da ɗan'uwa a ci-rani zai gane wannan uban.

Waɗanda ba su ƙaga komai ba

Labaran gaskiya sun fi ƙagaggun haɗari, domin akwai sunaye a ciki.

A watan Fabrairun 2002 gobara ta kama wani jirgin ƙasa a Godhra da ke jihar Gujarat, mahajjatan Hindu 59 suka mutu. Rikicin da ya biyo baya ya ci rayuka fiye da 1,000 a ƙididdigar gwamnati, mafi yawansu Musulmi. Narendra Modi ne babban ministan jihar a lokacin.

A 2010 wata matashiyar 'yar jarida Musulma, Rana Ayyub, ta ɓad da kama ta ɗauki sunan Hindu, ta ce ita mai shirya fim ce daga Amurka. Ta yi wata takwas tana ganawa da manyan 'yan sanda da jami'an jihar da na'urar naɗar murya a ɓoye. Mujallar Tehelka da ta tura ta aikin ta ƙi bugawa. A 2016 ta buga littafin da kanta, ta sa masa suna Gujarat Files.

Littafin ya sayu, ita kuma ta shiga uku: barazanar kisa da ta fyaɗe a shafukan sada zumunta, da binciken kuɗi daga hukumomi. Sai dai a gaban shari'a littafin bai yi tasiri ba. Kotun Ƙoli ta ce a 2019 ba za a ɗauke shi a matsayin hujja ba, kuma a 2022 ta tabbatar da rahoton kwamitin binciken da ya ce babu hujjar gurfanar da Modi.

Basharat Peer ɗan Kashmir ne, yana yaro lokacin da tawaye ya ɓarke a 1989. Ya ce abin da ya tura shi rubutu shi ne ya ga kusan kowane yankin yaƙi a duniya yana da 'ya'yansa da suka ba da labarinsa a kantunan littattafai, ban da nasu. Curfewed Night ya fito a 2008, yana ɗauke da labarin abokan makarantarsa da suka tsallaka iyaka neman horo, da binciken gida-gida na sojoji, da wata cibiyar azabtarwa a Srinagar da ake kira Papa-2. Daga baya ya haɗu da darakta Vishal Bhardwaj suka rubuta fim ɗin Haider na 2014, wanda Shahid Kapoor ya ja.

Sai Sujatha Gidla, wadda labarinta kaɗai ya isa fim. Dalit ce daga Andhra Pradesh, ta je Amurka tana da shekara 26, ta yi aikin kwamfuta a banki. Da aka sallame ta bayan durƙushewar tattalin arziƙi, ta zama kwandasta a jirgin ƙarƙashin ƙasa na New York. A 2017 ta fitar da Ants Among Elephants, tarihin mahaifiyarta da kawunta, mawaƙi kuma jagoran 'yan tawaye. Bambancinta da Anand da Roy shi ne su sun rubuta labarin Dalit daga waje, ita daga ciki ta rubuto.

Shashi Tharoor, tsohon jami'in Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ɗan majalisar dokokin Indiya, Birtaniya ya juya wa bindiga. Jawabin da ya yi a Oxford a 2015, inda ya ce Birtaniya na da bashin diyya a wuyanta, ya karaɗe intanet, ya faɗaɗa shi ya zama littafin An Era of Darkness a 2016. Wannan kam har Modi ya yaba wa jawabin, duk da cewa Tharoor ɗan adawa ne. A Indiyar yau, sukar Bature ba ta jawo wa marubuci tuhuma a Delhi.

Mai karatu a waya kuwa zai fi jin A Burning na Megha Majumdar a jikinsa. Ƙagaggen labari ne na 2020, a kan Jivan, budurwa Musulma daga unguwar talakawa a Kolkata, wadda ta rubuta 'yar magana tana sukar gwamnati a Facebook bayan harin da aka kai wa wani jirgin ƙasa. Kwanaki kaɗan aka zo aka tafi da ita a matsayin 'yar ta'adda.

Wa ake rubuta wa?

Ana nan ana wannan gardama tun kafin a haifi mafi yawan marubutan yau.

Da yawa daga cikin manyan sunayen ba a Indiya suke zaune ba. Rushdie da Kiran Desai suna Amurka. Rohinton Mistry, mai A Fine Balance, yana Kanada tun 1975. Jhumpa Lahiri, wadda ta ci kyautar Pulitzer a 2000, a Landan aka haife ta, a Amurka ta girma, yanzu ma da Italiyanci take rubutu. Masu suka na cewa maɗaba'un Landan da New York ne ke zaɓar Indiyar da za a nuna wa duniya, kuma talauci da mangwaro da auren dole sun fi saurin shiga kasuwarsu.

A cikin Indiya kanta, wanda ya fi sayar da littafin Turanci ba mai Booker ba ne. Chetan Bhagat ma'aikacin banki ne a Hong Kong lokacin da ya fitar da Five Point Someone a 2004, labarin ɗalibai uku da ke fama a babbar kwalejin injiniya. An sa wa littattafansa farashin rupi 95, da Turanci mai sauƙi wanda ɗan ƙaramin gari da ke koyon harshen zai iya bi. Masana adabi suna yatsina fuska, matasa suna saye a tashoshin jirgin ƙasa.

Wanda ya kalli 3 Idiots na Aamir Khan ya riga ya ɗanɗani Bhagat, domin daga wannan littafin aka samo tushen fim ɗin, har aka yi cacar baki tsakaninsa da masu fim ɗin kan inda aka sa sunansa. Haka Slumdog Millionaire, wanda ya kwashi Oscar takwas, daga littafin Q & A na jami'in diflomasiyya Vikas Swarup ya fito.

Rushdie ne ya fi kowa zuba wa gardamar fetur. A 1997, da Indiya ta cika shekara 50 da 'yanci, ya shirya wani kundin rubuce-rubuce, ya rubuta a gabatarwarsa cewa abin da Indiyawa suka rubuta da Turanci a shekarun ya fi ƙarfi da muhimmanci a kan abin da aka rubuta da harsunan gida. Ya ce fassararren labari ɗaya ne kawai ya cancanci shiga kundin, na Saadat Hasan Manto, marubucin Urdu.

Marubutan Bengali da Tamil da Malayalam da Marathi suka yi masa ca. Tambayarsu mai sauƙi ce: nawa daga cikin harsunan nan yake iya karantawa?

Amitav Ghosh, wanda shi ma da Turanci yake rubutu, ya tsaya a ɗaya ɓangaren. A 2001 ya janye littafinsa The Glass Palace daga gasar marubutan Commonwealth, ɗaya daga cikin dalilansa shi ne gasar ba ta karɓar littafin da ba na Turanci ba. Ghosh ne ya rubuta littattafai uku a jere, daga Sea of Poppies na 2008, kan yadda Turawan mulkin mallaka suka tilasta wa manoman Indiya noman opiyom don sayarwa a China. A 2018 ya zama marubucin Turanci na farko da aka bai wa Jnanpith, babbar kyautar adabi ta Indiya, wadda aka shafe fiye da shekara 50 ana bai wa masu harsunan gida kaɗai.

Amsar da ta fi ƙarfi ga Rushdie ta zo ne daga Landan ɗin da ta ɗaukaka shi. A 2022 Geetanjali Shree ta ci Booker ta ƙasa da ƙasa, wadda ake bai wa fassararrun littattafai, da Tomb of Sand, labarin tsohuwa mai shekara 80 da ta tashi daga gadon takaba ta nufi Pakistan neman abin da ta baro tun rabuwar ƙasashen biyu. Da Hindi ta rubuta shi, Daisy Rockwell ta fassara. Shi ne littafi na farko daga wani harshen Indiya da ya ci kyautar.

A watan Mayun 2025 aka sake. Banu Mushtaq, lauya Musulma daga jihar Karnataka mai shekara 77, ta ci kyautar da Heart Lamp, gajerun labarai 12 da ta rubuta da harshen Kannada tsakanin 1990 da 2023. Labaran matan Musulmin kudancin Indiya ne: wadda miji ya yi wa kishiya ya daina ciyar da ita, wadda ta yi yaji 'yan'uwanta suka mayar da ita, wadda ke zarya wurin shugaban masallaci neman haƙƙinta. Ita da mai fassara Deepa Bhasthi suka raba fam 50,000 daidai wa daida.

Mai karanta littattafan Hausa na Kano ba zai ji waɗannan labaran baƙi ba, kuma wasu Indiyawa sun riga sun lura da kamannin. A 2012 wata ƙaramar maɗaba'a a birnin Chennai mai suna Blaft, wadda ta yi suna wajen fassara littattafan kasuwa na Tamil, ta buga Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu da Turanci. Aliyu Kamal na Jami'ar Bayero ne ya fassara shi. Labarin Rabi ne, matar da mijinta ya kora da 'ya'yanta tara bayan ya auro wata, kuma a kantunan Indiya aka fara sayar da fassarar.